Gayaunar Yara a Ƙauyen Inabi

Ranar Alhamis da yamma Ummi, 'yar ƙanwata, ta dawo daga makaranta riƙe da wata 'yar takarda, ko jakar bayanta ba ta sauke ba ta miƙo mini. Rubutun Jamusanci ne, ni kuwa kwanana 11 ke nan a Jamus, abin da na iya bai wuce gaisuwa da godiya ba. Hoton dai na gane shi: bishiya ta rufe da fure, yara sun cika bayan tarakta. Ita ta fassara mini da Hausarta mai ɗingishi. Kakannin wata ƙawarta 'yar ajinsu manoma ne a wani ƙauye da ake kira Gimmeldingen. Jibi Asabar ƙauyen zai yi bikin furen almon, su kuma za su buɗe tsakar gidansu da gonarsu saboda yara. Ta ce, "Kawu, kai malamin gona ne. Dole ka je."

Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi, shi ya sa kuma ce mata a'a yake mini nauyi. Shekararta 9, ƙanenta Auta yana da 5, dukansu a Mannheim aka haife su.

Bayan yara sun kwanta mijin ƙanwata ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, gara ka sani tun yanzu. Gonar inabi a wannan yanki gidan giya ce. Su suke nomawa, su matse, su tsima, su ɗura a kwalba, su sayar a ƙofar gida. Bikin ma, in ka ɗebe furen, na masu sha ne." Ƙanwata tana tsaye bakin kicin tana jiran abin da zai fito daga bakina. Na san hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake kewayawa da giya, su ma sun san shi, kuma babu wanda ya nemi sassauta shi a daren nan. Amma maganar da ta yi daga baya ita ta tsaya mini a rai. Ta ce yaran nan a hawa na huɗu suke kwana suke tashi, abin da ƙafarsu ke takawa kwalta ce da siminti, alhali ta uwa ta uba jikokin manoma ne. Ta ce har yau Auta bai taɓa riƙe ƙasa a hannu ba in ba yashin filin wasa ba. Muka tsayar da shawara: za mu yi sammako, mu tsaya ɓangaren yara, ba za mu zauna teburin sha ba, mu baro ƙauyen da la'asar kafin taro ya sauya kama.

Akwai kuma kwaɗayin sana'a, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shekara 18 ke nan ina koyar da aikin gona a sakandare, amma inabi a tsaye sau biyu na taɓa ganinsa, duka a Kudan, arewa da Zariya, inda na kai ɗalibai suka ga nonnansa suna reto cikin rani. Ina so in ga yadda ake riƙe shi a ƙasar da take nomansa tun zamanin Rumawa, shekara kusan 2,000.

Jirgin ƙasa muka shiga ƙarfe takwas da 'yan mintoci. Yana barin tasha ya haye kogin Rhine zuwa Ludwigshafen, daga nan sai fili shimfiɗe kamar tabarma. Wajen Schifferstadt gonakin kayan lambu ne, an lulluɓe kunyoyin da wani farin yadi shara-shara don kare shuka daga sanyi, daga nesa sai ka ce ruwa ne ya kwanta a fadama. A wani fegi na hango tsuntsaye biyu dogaye, farare masu baƙin fiffike da jan baki, suna takawa a hankali suna tsince-tsince. Dangin shamuwarmu ne. Mijin ƙanwata ya ce yanzu suke dawowa, wasu a Sifaniya suke cin hunturu, wasu kuwa har Sahara suke tsallakewa su sauka ƙasashenmu. Yadda muke ganin shamuwa mu ce damina ta ƙarato, haka su ma in sun ga wannan suke cewa sanyi ya karye. Na bi su da ido har jirgi ya raba mu.

Kafin mu isa Neustadt duwatsu suka taso gabanmu, jeri guda daga kudu zuwa arewa, daji ya rufe su. A kan wani tudu ta hannun hagu akwai tsohuwar fada. Ummi ta ce Hambach ce, an taɓa kai su daga makaranta. A watan Mayu na 1832 mutane tsakanin 20,000 da 30,000 suka hau can neman 'yanci da haɗin kan ƙasa, ɗauke da tuta mai baƙi da ja da ruwan zinare, wadda ita ce tutar Jamus a yau. A Neustadt muka sauya zuwa ƙaramin jirgi, muka sauka a Mussbach, muka bi ayari da ƙafa. Ba ka buƙatar tambayar hanya, duk mai tura keken jariri can ya nufa.

Bazara muke fassara wannan lokaci nasu da ita, amma sunan ne kawai ya haɗa su. Tamu gumi ce da ƙishirwa da duban gabas ko hadari zai haɗu. Tasu fita ce daga watannin sanyi da duhu. Da safen nan rana ta fito tarwai amma ba ta da cizo, sai da na ɗora rigar sanyin mijin ƙanwata a kan kaftanina.

Kore shar na taho da shi a raina. Abin da na tarar gonaki ne iya ganin ido, babu ganye ko ɗaya. Turaku a jere, wayoyi a miƙe, tsakaninsu baƙaƙen kututtura murɗaɗɗu waɗanda ba su wuce ƙugu ba, kowanne da tsumagiya ɗaya ko biyu. Manomin da bai san inabin ƙasar sanyi ba zai rantse gonar ta mutu. Cikin wannan bushewa ne almon ya tare mu a bakin hanya. Ba irin itacen nan mai faɗin ganye da ake dasawa a harabar makarantunmu ba ne, wannan shi ne wanda Larabawa ke kira lauz, kuma fure yake fara fitarwa kafin ganye. Reshe baƙi, fure ruwan hoda ya lulluɓe shi tun daga gindinsa har ƙarshe, wasu itatuwan kuma fari fat. In ka tsaya ƙarƙashi ka yi shiru za ka ji gunjin ƙudan zuma a samanka kamar ana niƙa daga nesa. Iska ta kaɗa, furen ya zubo a kan hular Auta, ya tsaya cik ya ƙi motsi don kada ya faɗi. Mahaifiyarsa ta ce masa, "Ka ce Masha Allah." Ya faɗa a hankali ba tare da ya ɗaga kai ba.

Duwatsun nan, waɗanda ake kira Haardt, su ne sirrin wurin. Wanda ke tsaye a kan ƙauyen, Weinbiet, tsawonsa mita 554. Su suke tare iska da ruwan da ke tahowa daga yamma, sai gefen gabas ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ɗumi a Jamus, har ɓaure yake nuna a tsakar gidaje. Tun 1934 ake wannan biki, kuma ba shi da tsayayyiyar rana a kalanda. Itatuwan ake dubawa, in toho ya kusa fashewa sai a yi shela, saura 'yan kwanaki. Wannan ya burge ni ƙwarai. Mu ma babu mai yanke ranar shuka tun daga hunturu, sai ruwa ya sauka ya jiƙa ƙasa.

A hanya mijin ƙanwata ya ba ni tarihin babban titin da ya ratsa ƙauyukan yankin, wanda suke kira Titin Giya, kilomita kusan 85 daga Bockenheim zuwa Schweigen a kan iyakar Faransa. A 1935 aka buɗe shi, zamanin mulkin 'yan Nazi. Inabi ya yi albarka fiye da kima a 1934, an kuma kori Yahudawa dillalai daga kasuwar, kaya suka taru babu mai saye, sai aka ƙirƙiro titin don a jawo baƙi. Ya ce mutanen yankin ba sa musun wannan in ka tambaye su.

Ƙauyen mutanensa ba su kai 3,000 ba, amma ranar ya cika ya batse. An hana motoci shiga. Gidajen na jan dutse ne, kowanne da ƙatuwar ƙofa mai baka wadda amalanke zai shiga da kaya, kamar zauren attajiran da. Masu busa da ganguna suna wucewa, an naɗa wata budurwa sarauniyar fure, rumfuna sun jeru. Kusan kowane babba yana riƙe da wani dogon kofin gilashi mai cin rabin lita, jikinsa duk 'yan lotse-lotse don kada ya suɓuce. Muka ratsa da sauri, Ummi tana gaba tana duba takardarta.

Ƙawarta ce ta hango mu ta rugo. Tsakar gida ce babba mai daɓen dutse, an raba ta biyu. Dama tebura ne na manya. Hagu, wajen rumbun kayan aiki, an jera damman tattaka yara suna hawa suna dirowa, ga zomaye a keji, ga dogon tebur inda ake yi wa ƙananan tukwanen shuka fenti. Kakar yarinyar ta fito tana goge hannu a jikin zanen aikinta. Ashe jikarta ta riga ta gaya mata ba ma shan giya, ba ma cin alade. Ta kai mu gindin wani ɓaure can ƙarshen ɓangaren yara inda ta ajiye mana tebur namu daban, ta ɗauko kwalabe biyu, ta sa Ummi ta karanta mana abin da ke jiki baƙi bayan baƙi. Ruwan inabi ne zalla. Ta ce a watan Satumba aka matse shi, ba a bar shi ya tsimu ba aka ɗumama shi da zafi mai ƙarfi aka toshe, saboda zafin yana kashe ƙwayoyin da ke juya zaƙi ya koma giya. Ɗaya fari, ɗaya ja. Na kurɓi farin. Zaƙi ne mai ɗan tsami a bayansa, da wani ƙamshi da ban taɓa ji a lemon kwali ba. Na yi hamdala, ayar nan ta Suratu Abasa da ta ambaci inabi cikin abubuwan da Allah ya tsirar mana daga ƙasa ta faɗo mini a rai. Ban manta abin da ake sha a ɗaya gefen tsakar gidan ba. Amma karamcin da tsohuwar nan ta yi mana, na ba baƙo abin da zai iya ci ba tare da ta sa shi jin kunyar tambaya ba, karamci ne da na sani tun daga gida.

Ƙarfe sha ɗaya maigidan ya tayar da tarakta. Tsoho ne da ya haura 70, gajere, hannuwansa duk kanta. An shimfiɗa tattaka a tirela, yara kusan 20 suka hau, ni da iyaye uku muka zauna a baya. Taraktar siririya ce, an ƙera ta daidai faɗin tsakanin layi da layi. Muka fita ta bayan gari muka hau gangare har inda daji ya fara, daga can kana hango dukan filin da muka ratso da safe.

Bai yi musu lacca ba. Ya tara su gaban kuranga guda, ya durƙusa, ya nuna bakin reshen da aka datse. Wani ɗigon ruwa garai-garai yana rataye a wurin, ya ɗiga, wani ya taru. Ya yi magana, Ummi ta juyo da ido waje ta ce, "Kawu, wai itacen kuka yake yi." Haka suke kiransa, hawayen kuranga. Cikin hunturu ake yi wa inabi aski, a cire kusan duk rassan bara a bar ɗaya ko biyu. In ƙasa ta fara ɗumi saiwa sai ta farka ta turo ruwa sama, ganyen da zai sha shi bai fito ba tukuna, sai ya ɓullo ta bakin yankan. Ya ce duk shekara wannan ɗigon yake jira, in ya gan shi ya san gonar tana raye. Ya sa kowane yaro ya taɓa da yatsa ya lasa. Auta ya lasa ya ce ruwa ne kawai. Tsohon ya yi dariya ya ce haka ne, zaƙin sai Satumba.

Sai ya koya musu lanƙwasa. Tsumagiyar da aka bari ana tanƙwara ta a hankali a kwantar a kan waya a ɗaure, domin toho ya fito daidai a duk tsawonta, kada ƙarfin ya tafi can ƙarshe kawai. Ya ce ranar da gari ke da laima aka fi yi, don reshe ya fi laushi. Ya kama hannuwan Auta ya ɗora nasa a kai, suka tanƙwara tare. Kana jin ɓawon yana ƙas-ƙas, yaron ya tsorata zai saki, tsohon ya riƙe shi har reshen ya kwanta. Ya ba shi igiya ya ɗaure da kansa. Ɗaurin bai yi kyau ba, bai kuma warware shi a gabansa ba.

Wani yaro ɗan shekara kamar 7 ya yi gaggawa, reshensa ya karye ɓas. Wurin ya yi tsit. Yaron ya dubi mahaifinsa, leɓensa na rawa. Tsohon ya matsa, ya ɗauki karyayyen reshen ya ba shi ya riƙe, sannan ya nuna masa wata tsumagiya a jikin kurangar da aka bari tsaye ba a ɗaure ba. Ya ce wannan ajiya ce. Toho yana fitowa a Afrilu, amma har tsakiyar Mayu akan yi daren da raɓa ke daskarewa ta ƙone shi, shi ya sa ake barin reshe guda a tsaye, ko sanyi ya ci na ƙasa wannan zai tsira. Ya ce wa yaron, tunda ka riga sanyi, zo mu ɗaure ajiyar. Suka lanƙwasa tare, wannan karon bai karye ba.

Na tsaya a wurin zuciyata ta koma makarantarmu. Gonar makaranta a wajenmu wurin horo ce. Wanda ya makara, a ba shi fartanya. Wanda ya yi surutu a aji, a yanka masa kunya biyar ya nome cikin rana, abokansa suna leƙensa ta taga. Ni da kaina na sha yin wannan hukunci, ban taɓa ganin aibinsa ba, ga shi kuma ni ne nake tsayawa gaban allo ina ce musu noma tushen arziki. Yaron da ya fara sanin fartanya a matsayin bulala, da wane baki za ka ce masa ya so ta? Sannan mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba sa son gona, sun fi son acaba da birni. Abin ya dame ni a kan gangaren nan, har yanzu kuma bai sake ni ba.

Da yara suka watse suna tsere tsakanin layuka, na samu tsohon ni da shi, Ummi tana tsakiya tana tafinta. Wani lokacin kalma takan ɓace mata a harsunan biyu, sai mu koma nuni da hannu, kuma tsakanin manomi da manomi hannu yana isa. Na tambaye shi wani kumburi da na lura da shi a gindin kowace kuranga, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Ya ce wurin haɗi ne. Na ce wa Ummi, gaya masa mu aure muke kiransa, kamar yadda muke cewa mangwaro mai aure. Ta faɗa masa, ya maimaita kalmar sau biyu yana murmushi. Dalilin auren nasu wani ɗan ƙwaro ne dangin darɓa mai cin saiwa, wanda ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860 ya kusa ƙarar da inabin Turai. Maganin da aka samu shi ne a ɗauki saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a aura mata kan inabin gida. Har yau haka ake dasawa. Dashe sai ya shekara uku kafin ya ba da abin kirki, yana kuma iya kai shekara 30 ko fiye ana cin moriyarsa. Ya ce layin da muke tsaye a kai shi da mahaifinsa suka dasa.

Ya zaro wani ɗan abu na roba ruwan ƙasa daga aljihu, bai fi yatsa ba. Nan da 'yan makonni za a rataya irinsa kusan 500 a kowace hekta. Akwai wani ƙwaro ɗan'uwan malam-buɗe-littafi wanda tsutsarsa ke huda 'ya'yan inabi, robar nan tana fitar da irin ƙamshin da tamatarsa ke fitarwa, sai gona ta cika da ƙamshin, namiji ya rasa inda macen take, ba a yi ƙwai ba balle tsutsa. Babu feshi. Amma dabarar ba ta ci a ƙaramin fegi, sai duk maƙwabta sun rataya lokaci guda, don haka manoman ƙauyen kan fito gaba ɗaya da iyalansu su bi gonaki layi-layi. Na ce masa wannan ai gayya ce. Ummi ba ta san kalmar ba. A nan tsakiyar gonar Bajamushe na koya mata ita.

Can gefe na ga wasu layuka huɗu da 'yan alluna a kan turakun farko, an rubuta suna da fenti da rubutun yara. Jikokinsa huɗu, kowa da layinsa. Mai layi shi zai ɗaure, ya rage ganye, ya tsinka da kaka, a matse masa nasa daban a matsayin ruwan inabi, ya zana takardar kwalbarsa, in ya sayar kuɗin nasa ne. Ƙawar Ummi ta ja ta da gudu ta nuna mata nata.

Gayauna ce. Ina da shekara 10 mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ja ni gefen gandu ya auna mini kunya shida da ƙafarsa, ya ba ni irin gyaɗa a hular kansa. Da safe aikin gandu ne na kowa da kowa, da yamma in tafi tawa. Ban taɓa jin gajiya a kunya shidan nan ba. Da kaka na sayar da abin da na samu na sayi takalmi, ranar da na sa shi sai da na zaga duk unguwa. Na yi shekaru ban tuna da wannan ba, kuma ban san yaron da aka yanka wa gayauna a garinmu cikin shekarun nan ba. Gonaki sun rarrabu da gado sun ƙanƙance, yara suna makaranta ko suna talla, mu kuma da muka yi boko muka ɗauka al'adar ta tsufa.

Na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya yi shiru yana murza igiya a yatsa. 'Ya'yansa uku duk suna aikin ofis a birni. Ya ce ƙananan gidaje irin nasa suna ta rufewa, manya suna karɓar gonakin haya, mutane kuma sun rage shan giya, farashi ya faɗi. Ya nuna jikar da haɓa ya ce wataƙila waccan. A nan zuciyata ta rabu biyu, ban kuma iya haɗa ta ba. Ni Musulmi ne, ba zan yi baƙin cikin raguwar shan giya ba, na ga gidajen da ta rusa. Amma ni ɗan manomi ne, na san abin da ke cikin muryar dattijon da yake duban gonar ubansa bai san hannun da za ta faɗa ba. Na ce Ummi ta gaya masa ruwan inabin matarsa ya fi duk wanda na taɓa sha, in da ni ne da shi zan yawaita. Ya gyaɗa kai ya ce kowace shekara suna ƙara yawansa.

Da muka sauko ya gayyaci manya su shiga ɗakin ƙasa su ga gangunan. Na tsaya daga bakin matakala, warin tsami yana tasowa, na dafa ƙirji na ce masa na gode. Bai ja maganar ba. Azahar ta yi, na nufi famfon tsakar gida, ruwan kamar ƙanƙara. Ina nannaɗe hannun riga sai ga tsohuwar da butar shayi cike da ruwan ɗumi. Ban san wanda ya gaya mata ba. Ni da mijin ƙanwata da Auta muka fita bayan gida, muka shimfiɗa rigunan sanyi a bakin gona, muka fuskanci kudu maso gabas, ƙanwata da Ummi a bayanmu. Ƙasar da goshina ya taɓa tana da sanyi da ƙamshin jiƙa.

Abinci bai ba mu wahala ba. Yawancin abin da ake soyawa a rumfuna alade ne, muka bar musu. Tsohuwar ta kawo mana wani curin fulawa da ake turarawa a tukunya mai murfi, sama laushi kamar fankaso, ƙasa ɓawo mai gishiri-gishiri, ana ci da miyar madara mai zaƙi. Akwai mai ci da miyar giya, ta ce ta ware mana tamu. Ƙanwata ta buɗe robar dambun naman da na zo da shi daga gida ta miƙa musu. Tsohon ya ɗiba, yaji ya kama shi har ya yi tari, ya sake miƙo hannu. Yara suka sayi almon da aka soya da sukari a ƙunshin takarda. Kakar ta ja musu kunne: in kaka ta yi kada su tsinci na bakin hanya su fasa, yawancin masu furen ruwan hoda ƙwayarsu ɗaci gare ta kuma tana da guba, na ci galibi masu farin fure ne.

Abu guda ya ɓata mini rai, ba kuma zan rufe shi ba. A teburin dama na ga wani uba ya miƙa wa ɗansa kofinsa, yaron bai wuce 15 ba, ya kurɓa aka yi masa tafi. Mijin ƙanwata ya ce doka ta yarda: ɗan shekara 16 yana iya sayen giyar inabi da kansa, ɗan 14 kuwa yana iya sha in iyayensa suna wurin, kodayake su ma Jamusawan suna jayayya a kan wannan. Ƙananan yara suna guje-guje tsakanin teburan suna gani. Hannun da ya koya wa yaro lanƙwasa reshe da safe, a gidansa ne ake koya masa wancan da yamma. Na dubi Ummi tana fenti a tukunyarta, na yi mata addu'a a zuci.

Wajen ƙarfe huɗu muryoyi suka fara tashi, an fara waƙa a tebura ana rungumar kafaɗa. Ƙanwata ta dube ni, muka miƙe. Kowane yaro an dasa masa ɗan inabi mai aure a tukunyar da ya yi wa fenti, kansa a tsome cikin jan kaki don kada ya bushe. Tsohon ya raka mu har bakin ƙofa, ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, ya ce "aure", ya ce "gayya". Na ce masa Allah ya ba da damina mai albarka. Ummi ta tsaya tana neman yadda za ta fassara damina, daga ƙarshe ta ce masa shekara.

A jirgi Auta ya yi barci rungume da tukunyarsa, ƙasa ta zubo masa a wando. Ummi ta jingina da ni tana maimaita sababbin kalmominta, gayya, gandu, gayauna. Can ta ɗago ta ce, "Kawu, Umma tana da gona a gida?" Na ce tana da ita, rabonta na gado yana nan gabas da tsamiya, ni nake noma mata. Ta juya wajen mahaifiyarta ta yi mata magana da Jamusanci da sauri-sauri. Ƙanwata ta daɗe tana duban taga kafin ta ce, "Yaya, hutunsu ƙarshen Yuli yake farawa. In mun zo a Agusta me za su tarar?" Na ce gero ya fitar da kai, gyaɗa tana fure, wake kuma bai wuce shuka ba in an hanzarta. Ta ce to in bar musu wuri. Ummi ta tambaya ko kunya nawa za a ba ta. Na ce shida, Auta uku, kuma da ƙafata zan auna.